Sirdi Mai Soso

Duk wanda ya yi zama a tashar motocin haya ta Gyadi-Gyadi a shekarun da mai ya yi wuya ya san Bilya direba, ya kuma san rantsuwarsa. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, yana jan wata tsohuwar hayis tsakanin Gyadi-Gyadi da Bata. Ba shi da surutu, amma yana da taurin kai irin wanda matarsa Kubura ta daɗe da sallama wa.

Asalin rantsuwar a layin mai ne, zamanin soja. Wani kurtu ya ce Bilya ya tsallake layi. Bai tsallake ba, amma wa ke musu da mai bindiga? Aka fito da shi daga mota, aka sa shi tsallen kwaɗo riƙe da kunnuwansa a gaban direbobi da 'yan acaɓa da 'yan mata masu talla, bel na sauka a gadon bayansa. Da aka gaji aka sallame shi, ya dawo tasha, ko ƙasar gwiwarsa bai karkaɗe ba ya tsaya gaban teburin mai shayi ya ce, "Wallahi tallahi, ranar da mutanen nan za su sauka, sai na je Abuja na ga soja ya sara wa farar hula da idona. Kuma a keke zan je, ko ɗigon mai ba zan ƙona ba."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, don a lokacin babu wanda ya ɗauka ranar za ta zo yana raye. Sai ga shi ta taho. Shekarar 1999 ta kama, aka yi zaɓe, rediyo ya faɗi ranar miƙa mulki a ƙarshen watan Mayu, kuma mutanen tasha, waɗanda ba sa tuna gidan da suka ci tuwo jiya, suka tuna da maganar Bilya kalma-kalma. Ɗahiru ɗan kamasho, wanda bakinsa ba ya gajiya, shi ya laƙaba masa suna Na-Abuja.

"Na-Abuja, yaushe za a ɗaga? Ko kaffara za a yi a huta? Ai malamai sun sauƙaƙa."

Bilya ya je kasuwar Tarauni ya sayo baƙin keke irin na da, mai nauyi, mai kariya a baya. Rabonsa da hawa keke tun kafin ya fara gemu. Da ya danna sirdin da hannu ya ji tauri, sai ya girgiza kai. Mutumin da ya tsufa a kujerar mota abu ɗaya ya sani game da zama: in wuri ya yi tauri, soso ake ƙarawa. Ya tura keken wurin Haruna mai ɗinkin kujerun mota, ya ce a yi masa aikin da ba a taɓa yi wa keke ba a Kano. Haruna kuwa ya zage damtse, ya jera soso hawa-hawa, ya lulluɓe da jar leda mai sheƙi, ya zagaye gefen da tuntaye. Sirdi ya tashi ya yi tozo, har sai Bilya ya miƙe ƙafa iya miƙewa kafin ta kai feda. 'Yan tasha suka kewaye suna dannawa da yatsa, suna cewa ko sabon gwamna sai haka.

Ya ce bari ya gwada ƙafa zuwa Kura ya dawo. Ya saka sabon ɗinkin shaddar da ya yi domin tafiyar, mai sitaci har yana ƙara, wai wanda zai shiga Abuja ba ya gwaji da tsumma. Bazara ce, rana tun da hantsi take dukan mutum. Zuwa dai lafiya lau, yana tafe yana ɗaga wa direbobin da suka san shi hannu. A Kura ya sha kunu, ya zaga bayan masallaci ya kama ruwa, ya ja wandonsa a kan lema kamar yadda kowa ke yi, ya yi azahar, ya juyo.

A hanyar dawowa abin ya fara. Soson ya lotsa ya taru ya cika masa matsematsi, ledar ta hana gumi fita, ɗinkin tsakiyar wando mai sitaci ya shiga yankar fata a duk juyin feda. Ya karkata dama, ya karkata hagu, babu sauƙi. Kafin ya kawo Na'ibawa ya sauka yana tura keken, yana tafiya a wawware kamar ɗan shayi. Amma da ya hango tasha sai ya cije leɓe, ya sake hawa, ya wuce ta gaban Ɗahiru yana kaɗa ƙararrawa, har da ɗaga hula. Abin da ya ji a wannan ɗan taƙaitaccen hawan, shi da Allahnsa suka sani.

A gida ya shige banɗaki da madubin gefen mota. Fata ta sale gefe biyu, ga marurai sun fara tasowa. Sai ya yi abin da direbobi ke yi wa kowane ciwo, tun daga yankan ƙarfe har ƙuna: ya ɗauko man birki ya tsiyaya. Ƙarar da ya saki sai da kajin maƙwabta suka watse. Kubura ta taho a guje tana salati, ya ce mata kunama ce. Ta duba lungu-lungu da tsintsiya ba ta ga kunama ba.

Washegari wanki ya tona asiri. Ta shigo ɗaki riƙe da wandon shaddar, ta same shi kwance rub da ciki a tabarma, wai bayansa ne ya riƙe.

"Baban Ummi, wannan kunamar a hantsar wando take kwana?"

Ya juya fuska bango.

"Ni ba dariya na zo yi ba. Ciwo zai warke. Amma Kura kawai ka je ka dawo haka, Abuja fa? In ba ka san abin da ya jawo shi ba, wallahi kafin Zariya a bayan mota za a kwaso ka, Ɗahiru ya samu abin faɗa har jikoki."

"To ya kike so in yi?"

"Mutum ɗaya na sani da ya san kan wannan abin. Baba."

Bilya ya ɗago kai da sauri har ya fama ciwon. Malam Inuwa, mahaifin Kubura, tsoho ne mai kwarjini da ke zaune a Tarauni. A ƙuruciyarsa fatauci ya yi a kan keke, yana ɗaukar atamfa daga Kano ya kai Nguru da Damagaram, ya dawo da kaya niƙi-niƙi, shekara da shekaru. Babu shakka ya san sirdi. Amma suruki ne. Tun da Bilya ya auri Kubura bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a hanya tun daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna, kuma maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da ban gajiya ba.

"Je ki ki tambayo mini," in ji shi.

"Ni? 'Yar fari? Mutumin da ko sunana ba ya kamawa, in je in ce masa me? In ce mazaunan mijina? Haba, Baban Ummi. Gara ƙasa ta tsage in shige." Ta ninke wandon, muryarta ta yi laushi. "Ko kuwa ka yi kaffarar. Allah ya san ka gwada."

Ya wuni yana juya maganar. Kaffara halal ce, ya sani. Amma duk sanda ya rufe ido sai ya ga kansa riƙe da kunnuwa yana tsalle a gaban 'yan talla, kuma ya san azumi ba zai goge wannan ba. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi kunyar da zai iya ɗauka: ta suruki ta yini ɗaya, ko ta tasha ta sauran rayuwarsa. Da la'asar ta yi sanyi ya tashi ya kama keken, ya tura shi a ƙafa har Tarauni.

Malam Inuwa na zaune a kan buzu a ƙofar zaurensa yana jan carbi. Bilya ya jingine keken, ya cire takalmi, ya zo zai tsuguna, abin ya gagara. Sai ya durƙusa a kan gwiwa biyu ya dafa ƙasa, bayansa a sama. Ya gaishe shi. Ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi iyali, ya koma ya sake tambayar gajiya. Tsohon yana amsawa idonsa a kan carbi. Gaisuwa ta ƙare, gumi na ɗiga daga haɓar Bilya.

"Dama gaisuwa na zo yi, Baba."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya miƙe, ya saka takalmi, ya kama keken, har ya yi taku kaɗan. Sai haushin kansa ya turnuƙe shi. Wato shi da ya rantse zai taka Abuja, ƙofar zaure ce za ta mayar da shi gida? Ya sake jingine keken, ya sake cire takalmin, ya dawo ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Maganar ba ta dace da bakina a gabanka ba, amma ba ni da wanda zan je wa. Na gwada keken nan zuwa Kura. Mazaunaina sun sale, matsematsina sun yi marurai. Ban san abin da na yi ba daidai ba, kuma na yi rantsuwa."

Carbin ya tsaya. Bilya ya ji kamar ya tashi ya ruga har Gyadi-Gyadi. Can sai ya ji tsohon ya yi gyaran murya ya miƙe. Bai dube shi ba. Ya wuce shi ya je wurin keken, ya juya wa Bilya baya sosai, kuma duk maganar da ya yi daga nan da keken ya yi ta, don kada ido ya haɗu.

"Wa ya yi wa bawan Allah wannan aika-aika?" Ya danna soson, ya ja tsaki. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya farke jar ledar, ya yi ta fizgo soso yana jefarwa har sirdin fata na asali ya fito. "Sirdi ba katifa ba ne. Ƙashi biyu ne Allah ya yi wa mutum na zama, su ke ɗaukar nauyi. In aka sa laushi sai su nutse, naman da bai kamata ya ɗauki kaya ba ya ɗauka. Ga leda kuma, gumi ya bi ta ina?"

Ya aika cikin gida aka kawo sifana. Ya sassauta sirdin ya rage tsayinsa, ya daidaita hancinsa ya kwanta sambal.

"Mai hawa ya ɗora dunduniya a feda. In ƙafa ta miƙe ƙugu bai karkata ba, to nan ne tsayinsa. In ya fi haka, mutum zai yi ta goga kansa hagu da dama har ya sale. Da wane wando aka hau?"

"Shadda, Baba. Sabuwa."

"Da sitaci?"

"Da sitaci."

Kafaɗun tsohon suka ɗan girgiza, amma bai bari dariyar ta fito ba.

"A nemi tsohon yadin auduga wanda ya sha wanki. A yi hantsar da ƙyalle guda, kada ɗinki ya bi ta tsakiya. A yi biyu. Wanda aka wuni da shi ba a kwana da shi, a wanke a shanya a kariya. A shafa man kaɗanya tun kafin a hau, ba sai an ji zafi ba. A riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci, jini ya zaga, iska ta shiga." Ya yi tari, ya ƙara matsawa kusa da keken. "Sannan in an kama ruwa a hanya, kada a ja wando a kan lema. A riƙe ƙyalle mai tsabta a tsane jiki tukuna. Mu da muka yi fatauci, wannan ce ta fi kayar da mu kafin mu gane."

Kunnuwan Bilya suka yi zafi, amma bai bar ko kalma ɗaya ta wuce shi ba.

"Ciwon da ake da shi yanzu kuwa, ruwan bagaruwa mai ɗumi, a zauna a ciki safe da yamma. Kada a matse maruru. In ya tara mugunya ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti. Kuma ba a hawa sai fata ta rufe."

"Baba, lokaci ya ƙure."

"Wanda ya hau da ɗanyen ciwo ba zai wuce Kwanar Dangora ba. A jira." Ya goge sifanar da gefen rigarsa. Har yanzu bayansa Bilya ke gani, amma muryar ta canza. "Ranar da aka yi maka abin nan a layin mai, labari ya zo mini. Na kwana ban ci abinci ba. Ban ce komai ba, don ba a san suruki da irin wannan magana ba. Ka je ka gano mana."

Bilya ya buɗe baki zai yi godiya, sai kawai ya ce amin, duk da ba addu'a aka yi ba, ya ja keken ya tafi.

Jiran ya fi ciwon wuya. Safe da yamma yana zaune a bahon bagaruwa, Kubura na wucewa tana ce masa sannu maijego, ya jikin jariri. Ta yanka wani tsohon zaninta da ya yi laushi, ta zauna a keken ɗinkinta ta fitar da wanduna biyu masu faɗin hantsa, marasa kyan gani ko kaɗan. A tasha kuwa Ɗahiru ya samu abin yi. Ya ga sirdi ya koma tsirara, ya ga Bilya yana tuƙa hayis a karkace, ya haɗa biyu da biyu.

"Jama'a, Na-Abuja ya sauka kafin soja su sauka!"

Bilya ya haɗiye. Kullum rediyo na ƙara matso da ranar, kullum yana duba fatarsa da madubin mota, yana jin zuciyarsa na ce masa hau kawai. Bai hau ba. Sai da wurin ya rufe ya bushe, sannan ya fara fita bayan sallar asuba, ya zaga Babban Giji ya dawo, washegari ya ƙara da Unguwar Gano, jibi ya kai Ƙauyen Alu ya wuce. Sirdin na da tauri, ƙasusuwan zamansa suna tsami, amma tsami ne irin na aiki, fata ba ta ce komai ba.

Ya tashi a ƙurarren lokaci, lokacin da ko kwana ɗaya ya ƙara ba zai riski bikin ba. Babu rakiya, babu kiɗa. Kubura ta ɗaure masa gwangwanin man kaɗanya da sabulu da ƙyallaye a kariya, ta ninke shaddar a leda ta ce sai ya isa. Ya bi ta gaban tasha da wandon zanin matarsa, Ɗahiru ya ƙwala masa kira yana tambaya ko a tanadar masa kujera a motar Kura. Bilya ya kaɗa ƙararrawa ya hau titin Zariya.

Hanya ba ta yi masa sauƙi ba. Rana ta gasa shi, manyan motoci suka riƙa hura shi gefen titi, ruwan farkon damina ya kama shi bayan Zariya ya jiƙe sharkaf, ya tsaya a wata rumfa ya canza wando ya jira jikinsa ya bushe duk da zuciyarsa na azalzalarsa. A kowane masallaci ya sauka, sai ya zaga da buta da ƙyallensa. Kowace yamma sai ya wanke wandon yini, komai gajiya. Bayan Kaduna hawa ya yi yawa, cinyoyinsa suka yi nauyi, wani wuri a gefen dama ya fara ja yana zafi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya sauka a gindin wata bishiya ya wanke wurin, ya tsane, ya shafa mai, ya ɗan rage tsayin sirdin, ya yi sauran tafiyar ranar rabi a zaune rabi a tsaye kan feda. Da gari ya waye jan ya kwanta.

Ya shiga Abuja da safiyar ranar, wuyansa ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ya saka shaddar a bayan wani kiyos, ya tura keken ya bi jama'a. Amma filin bikin ba irin wurin da direban hayis ke shiga ba ne. Tun daga nesa aka tare hanya, mutane sun yi dafifi, kuma Bilya gajere ne. Ya yi ɗage, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, ba ya ganin komai sai ƙeyar mutane. Yana jin badujala na tashi, yana jin ana tafi. Ya taho tun daga Kano da fatarsa lafiya, ga shi zai koma da labarin ƙeya.

Wani dogon mutum mai hular Barebari da ke gefensa ya dubi keken, ya dubi ƙurar da ke jikinsa.

"Malam, daga ina?"

"Daga Kano."

"A kan wannan?"

"A kansa. Rantsuwa na yi sai na gani da idona."

Mutumin ya taɓa na kusa da shi, wani Bayarabe mai ƙiba, ya yi masa bayani da hannu. Ɗaya ya riƙe kan keken, ɗaya ya danne sirdin, suka ce hau. Bilya ya cire takalmi, ya taka kariya, ya miƙe a hankali yana dafa kafaɗar mai hular.

Can nesa, ƙanana ƙwarai, ya hango sojojin. Sahu-sahu suke tafe cikin kaki, ƙafa na tashi tare tana sauka tare. Da suka zo daidai rumfar da masu manyan riguna suke, sai kawunansu suka juya gaba ɗaya, na gabansu ya ɗaga hannu ya kai goshi.

"Me ka gani?" in ji mai hular daga ƙasa.

"Suna sarawa," in ji Bilya. "Wallahi suna sarawa."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba, bai kuma ji kunyar kowa ba. Ya tsaya yana kallo har sahun ƙarshe ya fara wucewa, sai ya ji ana jan ƙafar wandonsa. Wani tsoho ne, bayansa kuma wasu sun fara jeruwa.

"Sauko mana, ɗana, mu ma mu gani."

Bilya ya sauko. Ya karɓi kan keken daga hannun Bayaraben, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya riƙe gam, ya ce wa tsohon ya taka a hankali.